Ƙwallon da Ya Ƙi Gangarawa

Duk unguwar ta san gidan marigayiya Toyo a karkace yake. Shekara arba'in ana shan shayi a falonta, shayin yana taruwa a gefe ɗaya na kofi, amma ba wanda ya taɓa furtawa, don tsohuwar tana da kirki kuma shayin da daɗi. Wanda ya fi kowa sani shi ne maƙwabcinta na jikin katanga, Tokuji Kuramochi, tsohon hedimasta. Tun da ta rasu makullin ke hannunsa, duk Lahadi yakan shiga ya buɗe tagogi kada ɗakunan su yi warin danshi.

Shekara shida ke nan da rasuwar matarsa, yana cin abinci daga shi sai talabijin. Don haka ranar da 'yarsa Fumie ta bugo waya daga birnin Nagoya ta ce ita da mijinta Shinpei suna son sayen gidan Toyo, sai da ya nemi kujera ya zauna.

"Sai dai fa, Baba, Shinpei ya ɗauko mai duba gida. Ran Asabar za ta zo."

"Mai duba me?"

"Ƙwararriya ce. Ta duba rufi, ta duba ginshiƙai, ta auna daɓe. Shinpei ya ce in gidan a karkace yake ya fasa. Wai ya karanta cewa karkataccen gida yana sa jiri."

"Shinpei ai ko a kwance yake jiri yake yi."

"Baba!"

Tokuji ya san yadda ake wannan aikin, ya sha gani a talabijin. Mutum ya zo da kwat, ya durƙusa, ya ajiye ɗan ƙwallon gilashi na wasan yara a tsakiyar ɗaki. Ƙwallo ya gangara, a saka kiɗa mai ban tsoro, matar gida ta toshe baki. Washegari ya tono wani shuɗin ƙwallo cikin tsofaffin kayan wasan Fumie, ya shiga gidan Toyo ya gwada. Ƙwallon bai ko yi shawara ba. Ya miƙe gabas, ya bugi bangon da ke kallon gidan Tokuji.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana kama ɗalibai da satar amsa ya san abin da ke tona musu asiri, wato gaggawa. Shi bai yi gaggawa ba. Ya ɗauko dutsen da yake wasa wuƙar yanka kifi, ya zuba ruwa, ya yi kwana uku yana goga ƙwallon a gefe ɗaya, har ya yi masa ɗan mazauni kamar girman ƙwayar shinkafa. Ya sake gwadawa. Ƙwallo ya zauna daram.

Ran Asabar da safe mai duban ta iso, wata 'yar gajeriyar mata mai suna Inagaki, da tsani a kafaɗa, da tocila, da silifanta na kanta a cikin leda. Aka rusuna mata, ta rusuna. Shinpei yana biye da ita riƙe da littafi da alƙalami. Ma'aikacin inshora ne, irin mutanen da ke karanta takardar da ke cikin kwalin magani har ƙarshe.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji Tokuji, suna shiga falo. "Na zo miki da kayan aiki."

Inagaki ta dubi ƙwallon da ke tafin hannunsa. "Na gode, yallaɓai. Amma mu ba ma amfani da shi. Na 'yan talabijin ne."

"Kakanninmu da shi suka yi."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ajiye ƙwallon da lallami, kamar mai kwantar da jariri. Ƙwallo bai motsa ba. Shinpei ya sunkuya ya leƙa, ya rubuta wani abu.

"Ka gani, surukina? Ko dutse sai haka."

"Lallai kam, Baba."

Fumie ta ɗago kai. Tana kallon mahaifinta irin kallon da uwarta ke yi masa in ya ce kofi ɗaya kawai ya sha a wurin biki.

Inagaki ta kafa wata na'ura mai ƙafa uku, na'urar ta zana jan layi a jikin bango kewaye da ɗakin. Ta ɗauki ma'auni tana bin kusurwa kusurwa, tana auna daga layin zuwa ƙasa. Wannan ba ya cikin abin da talabijin ya nuna. Tokuji ya bi ta.

"Bangon nan fa tun zamanin mijin Toyo..."

"To, yallaɓai. Ko za ka ɗan matsa? Layin yana kan wandonka."

Ya matsa. Ta ɗaga wani murfi a daɓen kicin ta shige ƙarƙashin gida da rarrafe, ta fito da yanar gizo a ka. Ta hau tsani ta zura kai cikin silin. Duk abin da ta gani sai ta ce "Uhum," kuma uhum ɗinta iri ɗaya ne, ba ka gane na alheri daga na sharri.

Ƙarfe goma ta yi, lokacin da duk mai mutunci yake kawo wa ma'aikaci shayi. Tokuji ya ga dama ta samu, ko ba komai a raba matar nan da ma'auninta. Ya ruga gida ya dawo da faranti, da shayi, da lemo daga bishiyarsa, ya jera su tsibi don a ga karamci. Ya durƙusa ya ajiye a tsakiyar falo.

Lemon saman ne ya fara zamowa. Ya faɗo, ya ɗan tsaya, sannan ya kama hanyar gabas a hankali, ya wuce ta gefen shuɗin ƙwallon, ya je ya jingina da bango. Na biyu ya bi shi. Na uku ma ya bi, shi har ya taɓa ƙwallon ya kauce, ƙwallon yana nan zaune bai san ana yi ba.

Kowa ya bi lemon da kallo.

"Baba," in ji Shinpei, "ƙwallon nan naka lafiya yake kuwa?"

Fumie ta ɗauke shi ta juya. Ta shafa wurin da babban yatsa.

"Wannan nawa ne. Kuma lokacin da yake nawa, zagayayye ne."

"Tsufa ne," in ji Tokuji. "Kowa yana sauyawa."

"Kwana nawa ka yi kana gogawa?"

"Uku."

Shinpei ya rufe littafinsa. Tokuji ya bi littafin da ido. Ya ga kansa ya koma cin abinci da mai karanta labarai na talabijin.

Inagaki ta kurɓi shayi, ta yaba, sannan ta buɗe takardarta.

"Gidan a karkace yake, gabas. Karkatar huɗu ce cikin dubu. Sai ya kai shida muke cewa akwai damuwa. Ya daɗe da zama, ba ya ƙara tafiya. Ginshiƙai lafiya, babu gara, rufi zai yi shekara goma nan gaba. Kafinta zai daidaita daɓen cikin mako biyu." Ta dubi ƙwallon. "Aikin ya yi kyau, yallaɓai, amma da ba ka wahala ba."

"Jiri fa?" in ji Shinpei.

"Tun ƙarfe tara kake cikin ɗakin nan. Kana ji?"

Shinpei ya tsaya ya saurari jikinsa da gaske, ya ce a'a, cikin ɗan takaici.

"To sai mu saya," in ji Fumie.

"Da sharaɗi," in ji Shinpei. Ya juya ga surukinsa da ladabi ƙwarai. "Me ya ja gidan zuwa gabas, Baba? Gidanka ne a gabas."

"Gidana a miƙe yake tun kafin a haife ka."

"Tsohon rafi aka cike tsakanin gidajen nan biyu," in ji Inagaki. "Na gani a taswira. In ka yarda, tunda na'urar tana nan..."

Ba yadda za a yi hedimasta ya ƙi jarrabawa a gaban mutane. Suka ɗunguma gidansa. Kafin Inagaki ta gama kafa na'urar, Fumie ta ajiye lemo ɗaya a falon mahaifinta. Lemon ya zabura yamma da gudu, ya bi ta ƙarƙashin tebur, ya daki bangon da ke kallon gidan Toyo.

"Tara cikin dubu," in ji Inagaki bayan ta auna. "Kuma akwai gara a bayan kicin. Ba ka taɓa jin jiri ba, yallaɓai?"

"Na ɗauka hawan jini ne."

"Shekara nawa kana shan magani?" in ji Shinpei, ya sake buɗe littafi.

Gyaran gidan Toyo ya ci mako biyu. Na Tokuji an ce wata huɗu, kuma ba a zama ciki. Fumie ta ware masa ɗakin gabas a gidan Toyo, ta ce na ɗan lokaci ne. Shinpei ya ce haka ne, na ɗan lokaci, ya kuma rubuta ranar a kalanda. Kafinta ya gama a kan kari, amma Tokuji ya ce har yanzu yana jin warin fenti a gidansa, bayan haka kuma ya ce sanyi ya shigo, bai dai koma ba.

Rahoton Inagaki yana kan teburin falo, shafi talatin da biyu. In an buɗe taga iska takan ɗaga shi, don haka suka danne shi da shuɗin ƙwallon.