Tanti da Tukwane

MamTolo ta zagayo bayan motar da kofin shayi a hannun hagu, ta ɗaga na dama za ta ƙwanƙwasa murfin tirelar, kamar yadda take yi duk inda suka tsaya tun fitowarsu daga Khayelitsha. Hannun bai sami abin bugawa ba. Ƙugiyar mota ce kawai tsirara, sai guntuwar waya tana reto, da sawun tayoyi a kan tsakuwa.

Ta ja baya ta dubi motar, ko ba tasu ba ce. Tasu ce. Ga bargonta can a kujerar baya.

"Nomfusi," ta kira 'yarta ƙasa-ƙasa, don mai takaba ba ta ɗaga murya kafin a rufe mijinta. "Ina kuka kai babanki?"

Nomfusi na tahowa daga shagon gidan mai da ledar soyayyen dankali. Ledar ta faɗi. Mijinta Mzingisi, da ke biye da ita, ya ruga bakin titi ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Tirelata," ya ce. "Sun kwance min tirela."

'Yar tirela ce ta zuwa shaƙatawa, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota, da tanti naɗe a samanta. Mzingisi ya saye ta bara, ya riƙa jan iyalinsa bakin teku suna kwana a ƙasa. MamTolo ba ta taɓa gane abin ba: ita da mijinta sun yi rabin rayuwarsu suna neman rufin da ba ya yoyo, ga mutum da gidan bulo yana sayen wahala. Amma da tsohon ya cika, Mzingisi ne ya ce ba za a ba baƙi su kai Tata, wato baban matarsa, gida ba. Ya kwashe kayan ciki, ya shimfiɗa barguna, akwatin gawar ya shiga daidai. Ranar ta sa masa albarka har da hawaye.

Tun daga nan take yi wa mamacin magana, don ba a tafiya da mamaci a makance, sai ya ɓace a hanya. Baban Nomfusi, mun fita daga gari. Baban Nomfusi, za mu shiga ramin dutse, kada duhu ya dame ka. A nan ma, a wani ƙaramin gari bayan Beaufort West, ta ce masa za ta zaga ta dawo, kada ya ga ta daɗe. Ta dawo, shi ne babu.

Masu zuba mai ba su ga komai ba. Wani direban babbar mota ya ce kamar ya ga farar a-kori-kura ta fita da tirela, ya ɗauka mai ita ne.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da ita a benci. Ɗan sandan da ke kanta Afrikaans yake yi da Turanci, ita kuwa Turancinta bai wuce na wanki da guga a gidajen mutane ba. Mzingisi ne ya tsaya yana bayani, Nomfusi a gefensa, kanta a sunkuye. Ɗan sandan yana rubutu a hankali, yana hamma, yana kai hannu cikin ledar gyaɗa. MamTolo ta zuba masa ido. An sace mutum ɗungurungum, wannan yana cin gyaɗa. Ta jira ta ga an buga waya, ta ga an fita da gudu. Ba wanda ya motsa, sai fanka.

"Me ya ce?" ta tambayi Mzingisi da ya zo wucewa da waya a kunne.

"Ana kan aiki, Mama. Ki kwantar da hankalinki."

Ya fita baranda, Nomfusi ta bi shi. Ta taga take jin su, sun koma Turanci kamar yadda suke yi idan ba sa so ta ji, amma faɗa yakan ja mutum zuwa harshen uwarsa.

"Sai da na ce ka yi mata inshorarta daban. Ka ce ta mota ta isa."

"Ta isa mana. Duk abin da ke ɗaure da mota ai na mota ne."

"Ɗaure take yanzu? Ka gan ta ɗaure?"

"Ɗaure take lokacin da aka kwance ta. Ki bar ni in ji da masu inshorar nan, tun ɗazu kiɗa suke sa min."

Rana ta hau tsakiyar sama. Zafin hamadar Karoo ya shigo ta ƙofa kamar an buɗe tanda. MamTolo ta tuna murfin tirelar baƙin ƙarfe ne, ta tuna abin da mai gyaran gawa ya ce, kada su yi wasa da hanya. A Cofimvaba, garinsu, maza na can suna haƙar kabari, an ɗaure sa a turke, jama'a sun fara sauka don jana'izar Asabar. Me za ta ce wa 'yan'uwansa? Na je fitsari na dawo ban gan shi ba?

Wata 'yar sanda mai ƙiba ta shigo tana fifita da hula, an rubuta Mafani a ƙirjinta, ko da yake MamTolo sai daga baya ta ji sunan a bakin mutane. Ta leƙa kanta, suka yi 'yar magana da mai gyaɗa, sannan ta zo ta gaishe da tsohuwa da Xhosa mai daɗi, irin na mutanen gida.

"Sannu, Mama. An ɓata muku hutu. Ke ma har da ke a kwanan daji? Da wannan ƙafa taki?"

"Wane hutu?"

"Ba shaƙatawa za ku ba? An ce tanti ne a ciki da tukwane da kujeru. Kada ki damu, kayan nan ba a cika samunsu ba, amma za mu ba surukinki lambar ƙara ya kai wa masu inshora. Duk wanda ya zo nan abin da yake nema ke nan."

MamTolo ta dube ta. Sai a lokacin Sajan Mafani ta lura da baƙin ɗankwalin, da mayafin da ke kafaɗarta cikin wannan zafi.

"Mama, rasuwa aka yi muku?"

"Sake faɗa min, 'yata. Me aka ce yana ciki?"

"Tanti da tukwane."

MamTolo ta dafa bango ta miƙe. Ba ta san tana da sauran murya irin wannan ba sai da ta ji ta daki silin.

"Mzingisi! Shigo nan."

Ya shigo da waya a hannu, kiɗan yana fita siriri. Nomfusi ta laɓe a bayansa.

"Mijina tukunya ne?"

"Mama, ki saurara..."

"Tukunya ne ko tanti? Zaɓi ɗaya, in san abin da zan gaya wa mutanen Cofimvaba. Mutumin da ya ba ka 'yarsa bai ƙirga shanun sadakinka ba, yau shi ne tukunya?"

"Mama, a hankali, kina takaba."

"Takabar wa? Ai ba a mutu ba. Tukwane aka sace."

Mai gyaɗa ya daina tauna. Sajan Mafani ta juya gaba ɗaya ta fuskanci Mzingisi.

"Malam, gawa ce a cikin tirelar?"

Ya ce ba ƙarya ya yi niyya ba. Ya ce a sharuɗɗan kamfani tirelar ta shaƙatawa ce, idan suka ji an ɗauki gawa da ita ba za su ko saurare shi ba, ga shi ko rabin kuɗinta bai gama biya ba. Ya ce so ya yi ya fara jin ta bakinsu, da zarar sun amsa sai ya dawo ya ƙara bayani. Ai duk ɗaya ne, in an ga tirela an ga Tata.

"Sun ce za su biya?" MamTolo ta tambaya.

"Ba su ɗauka ba tukuna."

"Wato ko tabbas ba ka da shi. A kan wataƙila ka bar min miji a rana." Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma kina tsaye. Da kunnenki kika ji an mai da ubanki tukunya, kika sunkuyar da kai. Ni ban yi makaranta ba, shi ya sa kuka ajiye ni a benci kamar buhun masara. Ashe abin da ake koyowa ke nan."

Nomfusi ta fashe da kuka. Ba wanda ya rarrashe ta. Sajan Mafani ta riga ta zagaya bayan kanta tana magana da sauri da mai gyaɗa, shi kuma ya miƙe tsaye, fuskarsa ta canza.

"Mama," ta ce da ta dawo, "tun kina zaune a nan wani manomi ya bugo, ya ce an ajiye masa akwatin gawa a ƙofar gona. Ba wanda ya kawo ƙarar ɓatan gawa, don haka aka kira motar mutuware ta gwamnati. In suka riga mu, ya zama gawar da ba a san mai ita ba. Sai an buɗe, sai likita ya yanka, sai takarda ta bi takarda. Ba wannan Asabar ba, ba ta gaba ba."

"Yanka wa?"

"Taho mu tafi, Mama."

A motar 'yan sanda ta zauna, ta ƙi ko kallon ta Mzingisi da ke bin su. Suka bar kwalta suka hau hanyar tsakuwa, shingen waya dama da hagu, tumaki sun cusa kawunansu a inuwar juna. Sajan na tuƙi da hannu ɗaya tana faɗa da wani a rediyo. MamTolo ta riƙe ƙofa tana magana ita kaɗai. Baban Nomfusi, ina zuwa. Kada ka bi kowa. Duk wanda ya ce taho, ka ce matarka na hanya.

Sun tarar da motar mutuware ta iso, mutum biyu da safar hannu suna tsaye suna shan taba, manomin yana jingine da ƙofar gonarsa, hularsa a hannu. Ba su taɓa komai ba tukuna. Sajan ta fita ta nufe su, tana ɗaga wa Nomfusi hannu ta kawo takardun mai gyaran gawa.

MamTolo ba ta ga akwatin nan take ba. Tanti ta gani. An kwance shi daga saman tirelar, an ɗaura gefe ɗaya a reshen ƙaya, ɗaya gefen a shinge, ya yi rumfa. A ƙarƙashinsa akwatin yake, an ɗora shi a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, an rufa masa barguna yadda ta rufa da hannunta. Tirela kam babu ita babu alamarta.

"Kai ka yi masa wannan?" ta tambayi manomin, Sajan ta fassara.

Ya girgiza kai. Haka ya same shi.

Ta daɗe tana kallon ƙullin igiyar da ke reshen. Ɓarayi ne, suna sauri, suna tsoron a kama su, suka tsaya neman duwatsu. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora tafin hannu a kan katakon. Da sanyinsa.

"Ga ni, Baban Nomfusi. Wasu yara ne suka ɗauke ka bisa kuskure. Sun nemi gafara, na ga alama. Sauran bayani sai mun je gida."

Bayan doguwar muhawara masu safar hannu suka tafi. Saura yadda za a ɗauke shi. Aka gwada ta kowace fuska, aka ga akwatin zai shiga motar Mzingisi idan an kwantar da kujerun gefe ɗaya, gaba da baya. Shi da manomin da wani ma'aikacin gona suka ɗaga suka tura a hankali. Mzingisi na zufa, yana ta cewa a kula da kai, a kula da kai, da ƙarfi yadda za ta ji. Da aka rufe, wuri biyu ya rage: na direba da na bayansa.

"To," Mzingisi ya ce yana share goshi. "Mama ta zauna baya. Nomfusi, ke sai Sajan ta taimaka ta kai ki tasha, ki biyo mu a bas."

"Nomfusi ta iya tuƙi," in ji MamTolo.

"Hanyar da nisa, Mama, ga dare zai..."

"Ba ta makullin."

Ya dubi matarsa. Nomfusi ba ta ɗago ba, hannu kawai ta miƙa. Ya dubi Sajan, ita kuma ta sami abin kallo a can cikin tumaki. Ya sa makullin a hannun matarsa.

"Mama, ni fa? Me mutane za su ce in aka shiga da Tata gida ba ni?"

MamTolo ta shiga ta zauna, ta gyara mayafinta, ta ɗora gwiwar hannu a kan akwatin. Muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, ta mai takaba.

"Za su tambaya, ni kuma ba na ƙarya. In ka iso kafin Asabar, ka tsaya a bakin shinge har 'yan'uwansa su kira ka. Ka kwance wa bawan Allah tantinka daga itacensa, kada ka bar masa shara."

Ta ja ƙofa. Nomfusi ta tayar da mota, ta mutu, ta sake tayarwa.

"A hankali," uwar ta ce. "Babanki ya sha jijjiga yau."