Robobi Huɗu a Wandon Douwe

"Baba, kai ma jariri ne a cikinka?"

Mirte ce ta yi tambayar, tana zaune a kan matakalar bene da yankan burodi a hannu. Shekararta biyar, kuma tun da aka haifi ƙaninta Joppe take lura da cikin duk wanda ta gani. Mahaifinta Douwe yana tsaye a tsakiyar falo, ya ja numfashi ya riƙe, yana kokawa da zif ɗin wandon fatar da yake hawa babur da shi. Zif ya hau rabi ya cije. Ya ce wa yarinyar ba jariri ba ne, dankalin kakarta ne da man shanu na hunturu guda suka taru suka yi gida.

Matarsa Renske ba ta yi dariya ba. Tana jingine da ƙofar kicin, Joppe na saɓe a kafaɗarta. Haƙora ke fito wa yaron, rabonta da barci mai sunan barci har ta manta. Ta san abin da zai biyo baya tun kafin a faɗa. Motarsu ɗaya ce, ita ke kai yara da ita. Duk hunturu Douwe yana bin motar abokin aiki zuwa kamfanin cukun da yake yi wa aiki, amma da Afrilu ya kama, rana ta fara leƙowa, ko ɗaure shi aka yi sai ya fito da babur. Ilai kuwa, ya tuɓe wandon fatar ya jefa kan kujera, ya zura jins ɗinsa na yawon gari, ya ce zai lallaɓa da shi kafin cikin ya sauka.

Renske ta san irin wannan kafin ɗin. Yayan Douwe, Auke, shi ma da jins na gida ya fita wata safiya, wai burodi kawai zai sayo a ƙauyen gaba. Tarakta ta zubar da taɓo a kwana, babur ya zame. Kwalta ta cinye yadin kamar takarda, ta shiga fata, gwiwa kuma ta daki gefen titi. Renske na cikin waɗanda suka taya matar Auke canza masa bandeji a lokacin, har yau tana iya tuna warin ɗakin. Auke ya warke, sai dai bene da ƙafa ɗaya yake fara hawa, sannan ya jawo ɗayar. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa, amma Douwe nasa gemun shafa shi kawai yake yi yana murmushi. Maganar mutuwa Renske ba ta barin zuciyarta ta je can. Abin da take hangowa shi ne mutum na uku a gidan da za a ɗaga, a wanke, a ciyar, kuma wannan na ukun ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba.

Ta ɗauke makullin babur daga kan ƙusa ta saka a aljihun rigarta, ta ce sai an je shagon kayan masu babur ranar Asabar. Bai ja da ita ba, don ya ga idanunta.

Kafin Asabar ta yi karatunta a waya, da hannu ɗaya, tana shayar da Joppe da ɗayan. Ta gane cewa jins na masu babur a ido ba shi da bambanci da na kowa, amma an saƙa shi da zare mai jure gurzar kwalta, kuma a cikinsa akwai ɓoyayyun aljifai huɗu da ake zura robobi, biyu a gwiwa, biyu a ƙugu. Akwai harafin A a jikin lakabin, ɗaya ko biyu ko uku, yawan harafin yawan juriyar yadin.

A shagon Douwe ya nufi mai A ɗaya, mai laushi, ya kuma zaɓi wanda ya yi masa yawa, wai don cikin ya sha iska. Renske ta ɗauko mai A uku, mai nauyi kamar tamfol. Suna cikin ja-in-ja, Joppe na tsala kuka, Mirte ta kifa hular kwano a ka tana karo da kantocin kaya, sai mai shagon ta ƙaraso, wata doguwar mace mai furfura. Ta nuna wa Douwe wani tsohon babur marar inji da aka kafe a ƙasa kusa da madubi.

"Hau nan, ɗan'uwa. Ba a auna wandon babur a tsaye. A tsaye za ka tuƙa?"

Ya hau da mai yawan. Matar ta kama gwiwar wandon ta murɗa kaɗan, robar ta zame ta koma gefen ƙafa, ƙoƙon gwiwa ya zauna tsirara a ƙarƙashin yadi. Ta ce haka za ta yi ranar da ake bukatarta. Ya gwada wanda ya kama shi. A tsaye robar ta sauko ƙasa da gwiwa har ya fara ƙorafi, amma yana zama ya lanƙwasa ƙafa sai ta hau ta rufe ƙoƙon ruf. Ya ce ji yake kamar an ɗura shi a kwalba. Renske ta ce kwalbar ta yi masa kyau.

Ita ma ba ta samu yadda take so ba. Mai shagon ta gaya mata cewa mai A ukun nan da ta riƙo yana da kauri, in zafin Yuli ya zo a kabad zai kwana, kuma wandon da ke kabad bai taɓa ceton kowa ba. Suka tsaya a kan mai A biyu. Kuɗin ya cinye hutun da suka so zuwa bakin teku, Renske ta miƙa katin banki.

Aka samu kwanciyar hankali na ɗan lokaci. Kullum da safe takan tsaya a taga da Joppe, ta ga Douwe ya fita da sabon wandon, ya hau hanyar da ke kan ganuwar tare ruwan teku, sai ta ji ɗaya daga cikin duwatsun da ke kan ƙirjinta ya sauka.

Wata Laraba a watan Mayu tana sharar ɗakin Mirte, ta ɗaga bargon 'yan tsana, sai ga su kwance a jere, kowace a cikin nata gadon roba mai launin ruwan lemo. Gadaje huɗu, biyu masu zurfi, biyu masu faɗi, robobin wandon Douwe. Renske ta zauna a ƙasa inda take.

"Mirte, ina kika samo waɗannan?"

"A gareji, bayan gwangwanin fenti. Baba ya ce in riƙe, amma kada in gaya miki, wai kin gaji."

Ta tambaye ta tun yaushe, yarinyar ta ce tun kafin bikin haihuwar Kaka, abin da ya kwana biyu. Ashe duk safiyar da Renske ta tsaya a taga tana sauke ajiyar zuciya, fankon wando take kallo.

Ta ɗauki waya ta ajiye. Kira ba zai mayar da roba cikin wando ba, kuma da yamma a kan wannan hanyar zai dawo, ga taraktoci sun fara shiga gonaki. Ta kwashe 'yan tsanar daga gadajensu, Mirte na kuka, ta zuba robobin a ledar burodi, ta ɗaure yara biyu a kujerun mota.

Ta iske ma'aikatan kamfanin a hutun rana, suna zaune a kan dakalin waje suna cin burodi da cuku. Douwe ya miƙe da ya hango motar, fuskarsa ta nuna ya zaci wani abu ya sami yaro. Ta miƙa masa ledar. Ya leƙa ciki, kunnuwansa suka yi ja. Wani ƙato a cikinsu mai suna Sybren ya miƙo wuya ya gani, ya juya ga sauran.

"Jama'a, ku ba shi wuri, Mama ta kawo wa Douwe kunzugu. Uwar gida, ni ma ki haɗa da ni gobe, ba ni da mai kula da ni."

Aka kwashe da dariya. Renske ta dubi babur ɗin Sybren, ta dubi wandonsa da gwiwa ta fashe, ta ce masa shi ai an gani ba sai ya faɗa ba. Dariyar ta koma kansa.

Douwe ya ja ta gefe, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ba ta san yadda abin yake ba. A kan babur robar ba ta damunsa, amma wuni yake yi a tsaye gaban inji, tana gogar masa ƙauri, gumi na taruwa a ƙarƙashi, da yamma wurin ya yi ja kamar ƙuna. Ai yadin yana nan, yadin da aka sayo da tsada. Ta ce yadi fata yake karewa, ƙashi kuma fa? Ta ce ya zo da wandon aiki ya canza a nan. Ya ce akwatin ajiyarsa ƙarami ne, kuma wa ke da lokacin tuɓe takalma sau biyu a rana.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin hakan.

"Douwe, hannuna biyu ne, kuma duk a cike suke. Ba ni da na ukun da zan riƙa ɗaga ka da shi zuwa banɗaki. Kuma kada ka sake ba 'yata ajiyar ƙarya."

Ya tsaya da ledar a hannu, ya dubi motar, inda Mirte ta manna hanci a gilashi. Sannan ya shiga ciki. Renske ba ta tayar da mota ba sai da ya fito ta ga gwiwoyinsa sun ɗan tasa.

Ta san alƙawarin da aka yi saboda kunya ba ya kai mako. Ran Lahadi da rana, da Joppe ya yi barci, ta juya wandon ciki ya koma waje, ta zura kowace roba a aljihunta, ta ɗinke bakin da baƙin zare ninki biyu, ɗinki ƙanana a matse wanda ba a warware shi a tsaye a gareji. Douwe ya shigo da kofi, ya gani. Ya ajiye mata kofin a kusa da ita ya fita.

Ya yi kwanaki yana dawowa da jan ƙauri yana gunaguni. Da ya ga ba mai tanka masa, sai ya nemo tsohuwar jakar goyo ya fara tafiya da wandon aiki. Wanki ya ƙaru. Ga shi lakabin ya ce a cire robobin kafin a jefa wandon a inji, don haka duk wanki sai Renske ta zauna ta warware ɗinkinta, in ya bushe ta sake. Ta ƙara wa kanta aiki a kan aiki, ta sani. Douwe bai faɗi da babur ba duk tsawon lokacin zafin nan, kuma babu wanda zai iya gaya mata ko allurarta ta tsare wani abu. Duk da haka kowace safiya a bakin ƙofa takan sunkuya, da yaro a kafaɗa, ta matsa gwiwa, ta matsa gwiwa, ta dafa ƙugu hagu da dama. Shi kuma ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Kwastan, an gama bincike?" Wani lokaci ta yi murmushi, wani lokaci gajiya ba ta bari.

Ke da ke karanta wannan, in akwai mai hawa babur a gidanki, kada ki yarda da abin da kika hango ta taga. Wandon da aka cire wa roba da wanda ba a cire wa ba kamarsu ɗaya, kuma mai shi ba zai gaya miki ba, don yana ganin tausaya miki yake yi. Sa hannu ki matsa gwiwar kafin ya ɗauki makulli. In yatsunki suka taɓa ƙashi, kada ki matsa daga bakin ƙofar.