Ƙuri'ar Gyaɗa

Malam Badamasi ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya, kuma tun ranar da ya ajiye alli hannunsa ke ƙaiƙayi. Shi ya sa da aka naɗa shi sakataren Ƙungiyar Ci Gaban Tudun Gawo, wani ɗan gari da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, ya riƙe muƙamin hannu bibbiyu. Ƙungiyar ba ta da ofis. Takardunta duk suna cikin wata tsohuwar jakar fata da yake ratayewa a ƙusa a ɗakin matarsa Hajaratu. Babban burinsa shi ne a gina ɗakin taro a garin, a ware masa lungu guda da tebur.

Ana tsakiyar damina sai wata ƙungiyar agaji ta aiko da takarda. Ta ce za ta yi wa kowane gari na yankin aiki guda, amma sai garin ya kawo tsarin ci gabansa na shekara biyar a rubuce, wanda jama'a suka zauna suka amince da shi. Aka kira sakatarori Kano aka yi musu bitar kwana uku. Malam Badamasi ya dawo da manyan fararen takardu a naɗe, da alƙaluma masu kaurin baki, da 'yan takardu rawaya masu danƙo a baya.

Hajaratu ta dubi kayan ta ce, "Malam, makaranta za ka sake buɗewa?"

"Tsari za mu yi. Gari ba ya ci gaba sai da hangen nesa."

"Allah ya taimaka. Ka dai sallami mutane da wuri, na san ka in ka samu allo."

Ranar Asabar da hantsi mutum arba'in da biyu suka hallara a ajin 'yan shida na firamare, suka matsu a kan bencinan yara. A gaba akwai Alhaji Hammadu, shugaban ƙungiya, babban manomi mai ɗan nauyin kunne. Kusa da shi Malam Ja'afar mai makarantar Islamiyya. Mata suna baya ta wajen taga, cikinsu har da Inna Marka, tsohuwar ungozomar garin, da ƙawayenta tsofaffi uku. Zinnira, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ita aka roƙa ta riƙe alƙalami, tunda ba 'yar garin ba ce, ba ta da ɓangare.

Bayan addu'a da gaishe-gaishe, Malam Badamasi ya manna farar takarda a allo, ya gyara murya.

"Jama'a, tambaya ta farko. Nan da shekara biyar, a ina kuke son ganin Tudun Gawo?"

Alhaji Hammadu ya kara hannu a kunne. "A ina? A nan inda yake mana. Tashinmu za a yi?"

"A'a, Alhaji, ina nufin matsayi."

"To ka ce matsayi. Ka sa gabana ya faɗi, ga gero ya fara fitar da kai."

Malam Ja'afar ya ɗaga yatsa ya ce shi bai ƙi tsari ba, amma gobe ma ba wanda ya san ta sai Allah, balle shekara biyar. Don haka duk layin da za a rubuta a sa masa in sha Allahu. Aka amince. Zinnira ta tambaya ko a rubuta sau ɗaya a sama ya wadatar. Aka yi rabin awa ana wannan muhawara, daga ƙarshe aka tsaya a kan kowane shafi sau ɗaya, da manyan baƙaƙe.

Sai aka zo kan raunin gari. Malam Badamasi ya raba 'yan takardun nan rawaya, ya ce kowa ya rubuta abin da yake ganin yana ja wa garin baya, ba sai ya sa suna ba. Wasu suka rubuta da boko, wasu da ajami, waɗanda ba su iya ba suka raɗa wa Zinnira a kunne. Da aka tara, ta miƙe ta fara karantawa.

"Awakin Alhaji Hammadu suna shiga gonakin mutane."

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce dabbobi suna yawo," in ji Malam Ja'afar.

"Ai kuwa gaskiya ne. Mutane ba sa ɗaure dabbobinsu."

Zinnira ta ci gaba. "Lasifikar mai shayi ta yi ƙara. Rashin ruwa. Rashin ruwa. Kwazazzabon hanyar Kabo. Rashin ruwa." Ta ɗauko wata, ta duba, ta tura ta gefe.

"Karanta mana, Malama, ba a ɓoye komai a tsari," in ji Malam Badamasi.

"Sakatare ya cika dogon bayani."

Ta ce irin wannan guda biyar ne, ko ta karanta sauran? Malam Badamasi ya ce ba sai ta karanta ba, sannan ya ɗauki minti ashirin yana bayyana bambancin raunin gari da raunin mutum.

Aka fita aka yi sallar azahar aka dawo, ba wanda ya sa komai a cikinsa tun kokon safe. Zuwa lokacin buƙatun gari sun tsaya a kan huɗu: ɗakin taro, kwalbati a kwazazzabo, fitilun titi masu aiki da hasken rana, da rijiyar burtsatse. Malam Badamasi ya jera kwanuka huɗu a kan tebur, kowane da sunan aikinsa. A Kano da ƙwayar wake aka koya musu wannan zaɓe, amma Hajaratu ta hana waken gidanta, don haka ya sayo soyayyiyar gyaɗa mai gishiri. Ya bi benci-benci ya ba kowa ƙwaya uku a tafin hannu.

"Waɗannan su ne ƙuri'unku. Amma kafin a jefa, bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake."

Ya yi bayanin yadda ake jefawa. Ya yi bayanin dalilin da ya sa uku ne ba biyu ba. Ya kawo misalin wani gari da aka ba su labarinsa a wajen bita, ya zana taswirarsa a allo, ya goge, ya sake zanawa don ta farkon ta karkace. Da ya juya wa jama'a baya sai ka ji ƙus-ƙus kamar ɓeraye a rumbu. Da ya juyo sai kowa ya daina motsa baki. Minti arba'in aka yi haka.

"To, bismillah. A taso layi-layi."

Ba wanda ya motsa. Alhaji Hammadu ya buɗe tafin hannunsa, ya kalle shi, ya karkaɗe gishirin a gefen rigarsa.

"Badamasi, wai wannan gyaɗar ba ta baƙi ba ce?"

Daga can baya Inna Marka ta dafa benci ta miƙe, ƙawayenta uku suka biyo ta. Su huɗun babu mai haƙorin tauna gyaɗa, don haka tasu na nan daram a ƙulle a bakin zane. Suka kwance, suka zuba duka a kwanon rijiya, suka koma suka zauna. Malam Badamasi ya laluba aljihunsa don ya jefa tasa a kwanon ɗakin taro, sai ya tarar biyu suka rage. Ta ukun shi kansa bai san sa'ad da ya jefa ta baki ba.

Zinnira ta ƙirga ta ce, "Rijiya goma sha biyu. Ɗakin taro biyu. Kwalbati babu, fitila babu."

Nan aji ya kaure. Masu son fitila suka ce a sake da tsakuwa. Direbobi masu son kwalbati suka ce ai da ma ba a faɗa musu zaɓen ya fara ba. Alhaji Hammadu ya ce ba a taɓa yi ba, tsofaffi huɗu su yanke wa gari hukunci.

Inna Marka ta ce, "Alhaji, ba mu muka yanke ba, ku kuka cinye. Rabin waɗanda ke ajin nan ni na yanke musu cibiya, kuma kowanne da ruwan rafi na wanke shi, wanda wata ta ɗauko a ka. Yau shekara nawa? In za ku sake zaɓe ku sake, amma gobe da asuba ku ɗauki jarkoki ku bi mu rafi, sannan ku dawo ku jefa tsakuwar."

Aka juya ga Malam Ja'afar. Ya goge ɓawon gyaɗa daga gemunsa, ya ce a fahimtarsa an ba kowa haƙƙinsa a hannu, kuma wanda ya ci rabonsa ba ya neman na wani. Wani direba ya fara dariya, dariyar ta bazu har ta kai ga Alhaji Hammadu, wanda bai ji fatawar ba amma ya ga alamar an gama. Aka tsara sauran cikin minti goma: rijiya bana, kwalbati baɗi, fitilu a shekara ta uku, gyaran azuzuwa a ta huɗu, ɗakin taro a ta biyar.

Bayan la'asar Malam Badamasi ya zauna a zaure da takarda a cinya. Shi kaɗai zai rubuta rahoton, ba kuma wanda zai duba. Ya daɗe yana kallon layin farko, zuciyarsa na nuna masa tebur mai aljihu biyu da kujerar da ba ta yara ba. Sai ya ja numfashi ya rubuta rijiya.

Ranar Litinin ya kai rahoton Gwarzo, inda jami'ar ƙungiyar agajin, Hajiya Sa'adiya, ke karɓar takardu. Ta karanta shafi ukun nan tas, ta ɗago kai.

"Malam, gari tara suka kawo, bakwai ɗakin taro suka nema. Ya aka yi muryar mata ta yi rinjaye a naku? Wace dabara kuka bi?"

Ya so ya kawo mata kalmomin bita, amma bakinsa ya ƙi. Ya ba ta labarin yadda aka yi, bai rage komai ba, har da ƙwayarsa guda da ta ɓace. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido.

"Ranki ya daɗe, a sa wannan a rahoto?"

"Ka rubuta an yi zaɓe a fili, kowa ya yi amfani da ƙuri'arsa yadda ya ga dama."

Bayan an gama girbi motar haƙa ta iso. Aka zaɓi fili kusa da firamare, Alhaji Hammadu ya ba da amalankensa ana jido yashi ba tare da an roƙe shi ba. A kwana na shida ruwa ya fito, magina suka ɗora tanki suka jera kawunan famfo biyar a jikin gini. Aka kira Inna Marka ta fara tarar ruwa. Ta ɗanɗana ta ce ruwan da daɗi, sannan ta ajiye bokiti a ƙasa, ta buɗe famfo, rabin ruwan ya fantsama a ƙafafunta. Ta dubi shugaban magina ta ce, "Ɗan nan, wanda ya auna tsawon nan bai taɓa tarar ruwa ba." Washegari suka fasa simintin, suka sauko da kawunan taƙi biyu.