Baƙon da Ya Zo a Yuli

Argiro ta dawo daga gidan burodi da hantsi, ta tarar da ƙofar ɗakin tsoho Yost a buɗe. Takalman tafiyarsa ba sa nan, hularsa kuwa tana rataye a ƙusa.

Shekara da shekaru Yost da matarsa Marike suna sauka a gidanta da ke wani ƙaramin tsibiri. Daga Holan suke zuwa, kullum a watan Afrilu, lokacin da tsibirin ke kore shar, ruwa na gudu a kwazazzabai. Bana Marike ta rasu a Afrilun, shi ya sa sai Yuli ya iso, shi kaɗai, wando ya yi masa yawa. Bai taɓa ganin tsibirin a Yuli ba. Tun Mayu ko ɗigo ba a yi ba, ga libas, iskar kudu mai zafi, ta taso tana hura wa mutum fuska kamar an buɗe bakin tanda.

Jiya da yamma suna cin wake da man zaitun ya ce yana son zuwa cocin Ayiya Marina da ke bayan dutse, inda shi da Marike kan zauna su sha daga idon ruwan da ke gindin ɓaure. Ta ce ya bari iska ta juya, idon nan ya ƙafe tuntuni. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Sai yanzu ta tuna a gefen hagunsa ta zauna, kunnen da ba ya ji da shi.

Ta kira wayarsa, ta ji tana ƙara a ƙarƙashin matashin kai. Ta kira 'yan sanda, suka ce masu ceto sai sun ƙetaro daga babban tsibiri, teku kuma ta haukace, babu jirgin da ya fito. Ta ajiye burodin ta nufi gidan yayanta Manusos, makiyayin awaki, ta same shi kwance a inuwar zaitun.

"Yaya, Yost ya hau dutse."

"A wannan ranar? Ko awakina sun fi shi hankali."

"Ka yi masa ba'ar in mun same shi. Tashi mana."

Ya dubi fuskarta, ya miƙe. Ya ɗaura wa alfadarinsa jarkoki biyu na ruwa suka kama hanya.

Duwatsun hanyar sun yi zafin da ake ji ta cikin takalmi. Ƙaya na jan siket ɗinta, kukan gyare ya cika ko'ina har ba ta jin muryarta in ta ƙwala kiran sunansa. Ita ma ba yarinya ba ce, amma duk sanda Manusos ya ce ta huta sai ta ƙara sauri.

Cocin babu kowa. A gindin ɓauren suka ga 'yar kwalbar ruwa wayam, da wurin da aka tona busasshen idon da yatsu. Argiro ta durƙusa ta taɓa ramin, ƙasar ta zube kamar gari. Ta miƙe ta kama igiyar ƙararrawar cocin ta yi ta ja, tana ja tana kuka, har tafin hannunta ya saɓule.

"Argiro, bari haka," in ji Manusos. "Mutumin da bai ji ki a kan tebur ba, ƙararrawa zai ji?"

"To ina zan neme shi? Faɗa min."

Ya nuna ƙasa da haɓa. Daga nan teku na ƙyalli, shuɗiya, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. "In ƙishi ya kama mutum a nan, can yake nufa. Bai san gangaren a bakin rami ya ƙare ba."

Suka gangara kwazazzabon, alfadarin na turjewa. Da farko rigarsa suka gani a kan ƙaya, sai takalmi ƙafa ɗaya. Argiro ta daina kira, tsoron abin da za ta gani ya rufe mata baki.

A ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa suka same shi, kusa da bakin ramin. Fatarsa ta yi jawur, a bushe ƙamas, ko zufa babu. Ta sa kunne a ƙirjinsa ta ji zuciyar na bugawa da sauri kamar ta tsuntsu.

"Marike," ya ce da ƙyar, "ruwan ya tafi."

"Ga shi na kawo," in ji Argiro.

Suka kwarara masa jarka guda a jiki, ta jiƙa ɗankwalinta tana matsa masa a leɓe kaɗan-kaɗan. Suka ɗora shi a kan alfadarin, Manusos na ja, ita tana riƙe da ƙugunsa kada ya zame. Sau da yawa kansa na langaɓewa, sai ta mare shi, ta roƙe shi, ta zage shi da yarenta, ta kira sunan duk wani waliyyi da ta sani.

A ɗakin shan magani na ƙauyen likita ta aika wurin masunta, aka kwaso ƙanƙarar kifi aka jera masa a wuya da hamata. Sai washegari iska ta lafa, jirgi ya ɗauke shi zuwa babban asibiti. Argiro ta yi kwanaki ba ta iya taka ƙafa.

Ya rayu. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi gida, can cikin Oktoba ta bugo waya ana ruwan farko. Ta ce yana tafiya da sanda, yana cin abinci, amma ko kaɗan bai tuna ya je tsibirin bana ba.

Argiro ta ce, "To kar ki tuna masa, 'yata."