Kore a Tabaran Sagir

Malama Aina'u ce ta kawo tabaran koyon aiki wata masana'antar robobi a Sharada, kuma wallahi ta sha surutu a kansa. Ɗalibi zai saka, ya kalli inji, sai rubutu da kibiya su fito masa a jikin injin. Launin ja, akwai wuta, kar ka kuskura. Kore, babu wuta, sa hannunka. Ita kuwa tana ofishin sama, duk abin da ɗalibi ya gani tana ganinsa a kwamfutarta.

Sagir ne ya fi ba ta ciwon kai. Magidanci ne ɗan Jigawa, ya daɗe yana dako a Dakata, kuma ya fi yarda da kunnensa a kan kowane gilashi. Sai da ta yi ta fama, har da faɗa, kafin ya daina waige-waige ya bi abin da tabarau ya ce. Ranar gwaji ita da kanta ta ɗaura masa abin toshe kunne, ta tsayar da shi gaban injin niƙa tsofaffin robobi, ta koma ofishinta.

Yana cikin aiki wani guntun bokiti ya maƙale a wuƙaƙen injin. Daidai nan NEPA suka ɗauke wuta.

Inji ya yi tsit. Tabarau bai ga wuta ba, sai ya kawo kore, alhali makunni a kunne yake, ba wanda ya kashe shi. Aina'u ta ga hannun Sagir a allonta yana shiga bakin injin, a natse, yadda ta koya masa. Uba mai janareta ba ya jira, ba ya sanarwa. Manaja ya sha yi masa wankin babban bargo kan jinkiri, shi ya sa ana ɗaukewa yake tayarwa. Can bayan gini ta ji janareta ya yi tarin farko.

Ta sauko da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a bene. Tana kiran sunansa, ina, ai ita ta toshe masa kunne! Ma'aikata suka tsaya kallon malama ta zauce. Janareta ya sake tari, fitilun rufi suka fara ƙyaftawa. Ta manta da zancen namiji ne, ta damƙi wuyan rigarsa da hannu biyu ta fizgo, suka zube kan buhunan roba.

Inji ya tashi da ruri, ya haɗiye safar hannunsa.

Ta kama hannunsa tana duba yatsun. Duk suna nan. Kuka ya zo mata, na tsoro da na haushin kanta.

Sagir ya lalubo tabaran a ƙasa, ya goge shi da gefen riga, ya mayar a fuska. Ya juya ga injin ya tsaya cak.

"Malama, ku yi haƙuri," in ji shi. "Bari ya sake kawo koren in ƙarasa."