Wace Raki Turawa Ke Kira?

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Injiniya Halliru a unguwar Erdington ta Birmingham ya ji labarin nan, ko yana so ko ba ya so. Wai yana saurayi a Kano ya ji wasu Turawa a rediyo suna kaɗa jita suna ihun "Raki! Raki!" Ya kwashi waƙar sai ƙofar gidan su Raki, ya yi ta rerawa har ta fito, ya ce mata ai sunanta ya kai Ingila. Yau Hajiya Rakin ce ke zuba masa shayin. Waƙar kuwa ta ɓace masa, ko sunan mawaƙan bai riƙe ba.

Jikarsu Khairat, mai karatu a jami'a a Manchester, ita ta tono ta. Ruwan sama ya koro ta wani shagon tsofaffin fayafai kusa da Oxford Road, ta rera wa tsohon Baturen mai shagon ɗan abin da ta iya. Sai ga shi ya zaro faifai. Kai! Har rawa yarinyar nan ta taka. Nan take ta watsa wa family group cewa ta samo waƙar Hajiya, kowa ya hallara Birmingham ranar Asabar, faifai da tarihinsa suna tafe.

Sannan fa mai shagon ya fara ba ta tarihin. Samari ne 'yan nan Manchester, a gareji suka fara kiɗa. Mai gangarsu yana da kare, Rocky, ya ɓace, ya dinga bin unguwanni yana kiransa. Waƙar ke nan. Mai shagon ya juya bayan kwalin faifan, ga hoton ƙaton kare ya zaro harshe.

Kare! Innalillahi. Shekara da shekaru dattijo yana kiran matarsa da waƙar kare! A jirgin ƙasa Khairat ta yi dariya har da hawaye, sai kuma ta tuna da taron Asabar. In Hajiya ta ji wannan a gaban surukai, ina Injiniya zai sa kansa?

Ranar Asabar falo ya cika. Faifai na fara juyawa Injiniya ya zabura, ya manta da ciwon gwiwar da yake ta kai wa likitansa ƙara.

"Ita ce! Wallahi ita ce! Raki! Raki!"

Kowa ya ɗauka, har 'ya'yan gidan likitoci masu ji da kai. Khairat dai ta ƙanƙame kwalin a ƙirji.

"Ke 'yar nan, ina tarihin da kika cika mu da shi?" in ji Hajiya. "Miƙo kwalin."

"Hajiya, ai boring ne, ba komai a ciki."

"Miƙo, na ce."

Hajiya ta gyara tabarau, ta juya kwali, suka yi ido huɗu da kare. Ta dubi mijinta.

"Alhaji, wannan ne Rakin?"

Injiniya ya leƙa, hularsa ta kusa faɗuwa. Faifan kuwa sai kiran Raki yake yi. Ba yadda Khairat ta iya, ta zayyana komai, tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Hajiya ta daɗe tana kallon hoton, kafaɗunta suna rawa.

"To da ya yi ta kiran nasa, ya dawo?"

"Mai shagon ya ce bai dawo ba."

"Allah sarki." Sai dariyar ta ƙwace mata, har tana share ido da bakin mayafi. "Ka ji, Alhaji? Mai waƙar ma da gangarsa da komai bai samu nasa ba. Kai da muryar nan taka kamar ana jan buhu, ka kira, na fito. Khairat, mayar da shi farko."