Allon da Ba Mu Karanta Ba

Shekara arba'in Yaya Alvise ya yi a Ajantina. Da ya dawo garinmu Venezia, birnin Italiya da ke kan ruwa, na kwana uku, abu ɗaya ya roƙe ni: ya ci ƙaguwa mai laushi, wadda ake kamawa da zarar ta tuɓe ɓawonta, a soya ta ɗungurungum. Lokacinta gajere ne, kuma ya zo ƙarshe. Na yi ta buga waya har Tarcisio, wani masunci a tsibirin Burano da na koyar da 'ya'yansa, ya ce zai ajiye mana kamunsa na ƙarshe zuwa ƙarfe sha biyu. Washegari kuwa Yaya zai koma.

Na tsara tafiyar a takarda, kamar yadda nake tsara darasi. Amma Yaya sai da ya tsaya shan kofi, ya tsaya a kan gada yana nuna mini tagar gidan da aka haife mu, sai ka ce wata baƙuwa.

A tashar jirgin ruwa baƙi sun yi cincirindo gaban allon da ke nuna inda kowane jirgi ya nufa. Na doshi wurin, ya riƙo hannuna.

"Haba Ornella, allo za ki karanta? Ke ma kin zama 'yar yawon buɗe ido? Sai dai in saya miki hular rana."

"Yaya, an canza abubuwa da yawa."

"Ruwan ma an canza shi? Jirgin Burano a gefen hagu yake tsayawa tun kina rarrafe."

Ɗan gari ba ya karanta allon nan, kowa ya sani. Ni da na shekara talatin ina gaya wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, sai na ji kunya. Na bi shi.

Mun wuce tsibirin Murano kafin na lura jirgin ya karkata dama. Na tambayi ma'aikacin da ke ɗaure igiya.

"Burano? Mama, tsibirin Sant'Erasmo muka nufa. Ba ku duba allo ba?"

Muka sauka cikin gonakin kayan lambu, babu kowa sai wani kare. Na kira Tarcisio sau biyar, waya tana ta ƙara, ba a ɗauka ba. Yaya ya zauna a kan dutse yana ta mita a kan hukumar jirage. Takardata na ninke ta, na sake ninkewa.

Ƙarfe biyu da rabi muka isa Burano. Gigliola, matar Tarcisio, ta tare mu a ƙofa tana goge hannu.

"Malama, sai yanzu? Mun jira har ƙarfe ɗaya. Ƙaguwar nan ba ta jiran kowa, kin sani. Na soya, jikoki sun cinye."

"Duka?" in ji Yaya.

"Har ƙafafun."

Ta dube shi, ta shiga ciki, ta fito da kaskon da ko wankewa ba a yi ba, da yankan burodi. Yaya ya dangwali man da ya saura, ya tauna a hankali.

"Ɗanɗanon yana nan," ya ce daga baya, ba tare da ya kalle ni ba.

Da muka koma tasha jirage biyu ne a tsaye. Ya zura hannu a aljihu, ya juya wa allon baya.

"Ornella, je ki karanta mana."

Na karanta sau biyu.